Yadda muka ceto Ibro daga hannun 'yan gwangwan

Mu huɗu ne, kuma motar gida ce ta haɗa mu. Duk ƙarshen zangon karatu tare muke barin Kano. Ɗaya ya sauka ya nufi Bebeji, ɗaya ya sauka a Kwanar Ɗangora ya shiga cikin Kiru, ɗaya a Tudun Wada, na ƙarshe kuwa sai an ratsa dajin Falgore da shi kafin ya ga Doguwa. Abin da ke rage mana hanya bai wuce finafinan Ibro da ke cikin wayoyinmu ba. Muna 'yan shekara goma Allah Ya yi wa Rabilu Musa Ibro rasuwa, a watan Disambar 2014, don haka a waya muka fi saninsa.

A hutun da ya gabata ne ɗan Tudun Wadan cikinmu ya kira mu hankali a tashe. Mahaifinsa, Allah Ya jiƙansa, ya yi shekaru yana da shagon hayar kaset. Da kasuwar ta mutu sai aka ɗure kayan a buhu uku aka jingine a ɗakin ajiya. Yanzu kaka ta yi, ana neman wurin zuba shinkafa, 'yan gwangwan kuma har sun yi tayi. Washegari muka hallara a gidan, muka durƙusa muka gaida mahaifiyarsa.

"Inna, don Allah a ba mu mako biyu kafin a sayar."

"Ku yaran nan, me za ku yi da tarkace? Duk ba ga su nan a wayoyinku ba?"

Maganar gaskiya, mu ma haka muka ɗauka. Zumunci ne ya kai mu, ba sanin darajar kayan ba.

Wahalar farko ita ce samun abin kallo. Kamfanin Funai na Japan, wanda shi ne na ƙarshe da ke ƙera na'urar bidiyo mai cin kaset, ya daina tun 2016. Sai da muka yi kwana uku muna cigiya kafin muka samu wata a ƙarƙashin teburin wani dattijo mai gyaran rediyo a Kwanar Ɗangora. Ya buɗe ta, ya goge cikinta da auduga, ya ce mana, "Samari, kada ku kuskura ku sa mata kaset mai fumfuna, nan take za ta makance."

Da dare aka tada janareta, muka zaɓi wani fim na Ibro da muka haddace, muka kunna kaset ɗin, muka ajiye waya a gefe tana nuna fim ɗin. Nan muka sha mamaki. Kaset ɗin ya fara da tallace-tallacen finafinai masu fitowa, sannan sunayen waɗanda suka yi aikin tun daga mai ɗaukar hoto har mai kiɗa. Na waya babu ko ɗaya. An yanke waƙa guda, an datse wata fitowa sukutum, ga tambarin wanda ya ɗora fim ɗin ya rufe rabin fuskar Ibro. Ashe shekara da shekaru guntun fim muke kallo muna cewa mun san shi.

Daga ranar muka zazzage buhunan a kan tabarma muka fara tantancewa. Mun tarar fim ɗaya kan zo da kama har biyar: kaset na asali daga kamfani, kaset na kwafi, faifan CD, faifan DVD da aka cusa wa finafinai barkatai, sai na masu tura fim a waya. Ga abin da ya koya mana bambanta su.

Na farko, bayan kaset. Akwai wani ɗan harshe na roba da ake ɓallewa don kada a sake ɗaukar wani abu a kai. Idan ka ga an liƙe gurbinsa da salatif, to an goge wani abu an ɗora wani. Irin waɗannan galibi fankon kaset ne na TDK ko Panasonic mai alamar E-180, wato mai cin awa uku, sunan fim ɗin kuma da biro aka rubuta. Hotonsu yakan yi dishi-dishi, domin duk kwafin da aka yi daga kwafi sai ya rage kyau.

Na biyu, lambar wayar da ke jikin kwali. Wayar salula ta GSM ta fara aiki a Najeriya ne a watan Agustan 2001. Kafin nan lambobin Kano da 064 suke farawa. Saboda haka idan ka ga Sangaya, wanda Sarauniya Films suka fitar a 1999, amma kwalinsa na ɗauke da lambar salula, to ba bugun farko ba ne, sake bugawa aka yi daga baya.

Na uku, abin da ya fara bayyana a allo. A 2001 aka kafa Hukumar Tace Finafinai ta Jihar Kano, don haka duk kaset ɗin da ke ɗauke da shaidarta bai girmi wannan shekara ba. Tallan da ke farkon kaset ma shaida ne: idan ana cewa wani fim yana nan tafe, ka san wanda ke hannunka ya riga shi fita. Tsofaffin kofen mujallar Fim, wadda ta fara fitowa a 1999, da muka samu guda shida a gindin buhu, sun taimaka mana wajen jera su.

Na huɗu, cikin faifai. Wanda aka buga a masana'anta cikinsa fari ne kamar azurfa. Wanda aka ƙona da kwamfuta yakan yi kore-kore, shuɗi-shuɗi ko ruwan goro, kuma shi ya fi saurin mutuwa. Faifan CD bai cin fim fiye da minti 80, shi ya sa dogon fim kan rabu biyu. DVD na 'yan satar fasaha kuwa, mai fim takwas ko goma, an matse hoton har ba ka bambanta Ciroki da Katakore sai sun yi magana.

Amma babban malaminmu shi ne wani littafi mai baƙin bango da muka tsinta a buhu na uku. A ciki marigayin yake rubuta duk kaset ɗin da ya saro daga Bata ko Ƙofar Wambai, da ranar da ya saro shi, da yawan fitarsa haya. Ibro Awilo da Ibro Usama sun cinye shafuka. A gefen wasu ya rubuta "na asali", a gefen wasu "kwafi, kada a ba amare". Mun yi dariya, abokinmu kuwa ya tashi ya fita waje. Yana ɗan shekara bakwai mahaifin ya rasu, bai taɓa ganin rubutun hannunsa mai yawa haka ba.

Ba duka muka ceto ba. Cikin kaset 214, gara ta cinye kwalayen fiye da rabi, laima ta manne zaren guda 60 har ba sa juyawa. Littafin ya nuna shagon ya taɓa mallakar Gimbiya Fatima na ƙungiyar Tumbin Giwa, waɗanda suka yi Turmin Danya a 1990, fim ɗin da ake ƙirga tarihin Kannywood daga kansa. Kwalin kawai muka samu, babu kaset. Ran nan babu wanda ya yi wa wani barkwanci.

Da mako biyun ya cika muka shimfiɗa wa Inna tabarma muka kunna mata ɗaya. Ba ta kalli fim ɗin sosai ba. Kwalin ta riƙe tana shafa lambar da mijinta ya rubuta da jan biro. Can ta ce, "A kai shinkafar zaure. Waɗannan ku samo musu akwati, ku ɗaga su daga ƙasa."

Yanzu muna bin gidajen 'yan uwa a Tiga, Kofa da Riruwai muna tambaya, muna rubuta kowane kaset da kamanninsa a sabon littafi. Ba ma ɗora su a intanet, domin suna da masu su. Finafinai goma sha ɗaya muke da kashi na ɗaya babu na biyu. Idan akwai irin wannan buhu a ɗakin ajiyarku, ɗan uwa, ka buɗe shi kafin mai gwangwan ya ɗora shi a sikeli.