Daren da Motar Yaya Ta Sake Murya

Asubar wata Laraba ce, cikin sanyin hunturu. Yaya ya dawo daga masallaci ya tada mota kamar kullum, sai muka ji wata ƙara kamar an kunna injin niƙa a ƙofar gida. Na fito daga shago lulluɓe da bargo, na tarar da shi durƙushe yana haska ƙarƙashin motar da tocilar waya. An yanke bututun hayaƙi wuri biyu, tsakiyar babu. Ga garin ƙarfe bisa rairayi, ga shatin bayan mutumin da ya kwanta ya yi aikinsa a natse.

Yaya bai ɗaga murya ba. Cewa ya yi: "Kai, ina kake jiya da dare?"

Na ce: "Ina nan, Yaya."

Ƙarya na yi. Ina fada muna shan shayi har ƙarfe biyu, da na dawo kuma ko kallon motar ban yi ba. Alhali don ita aka ba ni shagon ƙofar gida, saboda tagarsa na kallon inda take kwana. Gidanmu a Maradi tsohon gini ne, zaurensa keke da jaki aka yi wa, mota ba ta shiga. Wannan Corolla kuwa ita ce gonarmu. Da ita Yaya ke jigilar mutane zuwa Ɗan Isa da Madarunfa, daga cikinta hatsi ke fitowa, daga cikinta aka biya mini kuɗin rajistar jami'a.

A gareji makanike ya leƙa sau ɗaya ya ce: "Katalizar suka ɗauke. Can Najeriya indomi suke ce mata." Ya ɗauko wata fasasshiya ya nuna mana. Cikinta wani abu ne mai ƙananan ramuka kamar saƙar zuma, ko taliyar da ba a dafa ba. Na ce: "To mi za a yi da wanga abu?" Ya yi dariya, ya ce a kansa akwai ƙarfen da ya fi zinariya tsada.

Ban yarda ba sai da na bincika. Ashe an shafe ramukan nan da ƙarafa uku: platin, paladiyom da rodiyom. Duka ba su wuce ƴan giram ba. Aikinsu shi ne in hayaƙi mai zafi ya ratsa, su juya gubar da ke cikinsa ta koma iska mai sauƙin illa. A Amurka tun 1975 aka soma sa wa motoci ita, a ƙasashen Tarayyar Turai kuma ta zama dole ga sabbin motocin isansi daga 1993. A shekarar 2021 farashin rodiyom ya kai kusan dalar Amurka 29,000 kowane oza, wato giram 31, lokacin da zinariya ba ta kai dala 2,000 ba. Shi ya sa satar ta bazu har Ingila da Amurka. Ɓarawo ba ya buƙatar makulli, ba ya fasa gilashi. Zarto kawai da ƴan mintoci.

Abin da ya daɗe yana yi mini yawo a kai shi ne tafiyar ƙarfen. Mafi yawan platin da rodiyom na duniya daga ramukan Afirka ta Kudu ake haƙo su. An kai su waje, an sa a mota, Bature ya hau har ya gaji, ta sauka tashar ruwan Kotonu, ta hauro har ƙofar gidanmu. Yanzu kuma wani ya sayar da su a arha, za su bi hannu-hannu har wurin da ake narke su. Mu an bar mu da ƙara.

Amma asarar da ta fi ƙarfen zafi a cikin kartiye ta faru. Kafin azahar magana ta gama gari: ƴan fada ne. Su wa ke zaune har tsakar dare? Su wa suka san lokacin da kowa ke barci? A cikinmu akwai wani abokina da ke koyon makanikanci, sai yatsu duka suka nuna shi. Babu wanda ya gan shi, babu shaida ko ɗaya, amma mata suka daina amsa gaisuwar mahaifiyarsa da fara'a. Ni kuma na yi shiru, alhali tare muke da shi har ƙarfe biyu, ni na raka shi ƙofar gidansu. In na faɗa, ƙaryata ta tonu.

Kwana huɗu ina fama da wannan. Ran na biyar na sami Yaya yana wanke mota na gaya masa gaskiya. Ya daɗe yana matse tsumma, sannan ya ce: "Motar kam an gyara. Yaron mutane fa, wa zai gyara mai suna?" Da magariba ya tasa ni gaba har gidansu, na ba da haƙuri gaban mahaifinsa. Abokin nawa ya ce ba komi. Har yau bai koma fada ba.

Mun kai ƙara komisariya, an rubuta, ba a kama kowa ba. Ga abin da muka yi daga baya, ko zai amfani wani. Masu motoci biyar na layinmu suka riƙa ajiye su wuri guda, kusa da juna, jikin bango, yadda kwanciya ƙarƙashinsu zai yi wuya. Aka sa fitilar sola. Aka ɗauki mai gadi, kowane gida na ba da abin da ya sawwaƙa a wata. Waɗanda tasu katalizar ke nan suka sa mai walda ya kewaye ta da rodi, wani har ya sa aka zana lambar motarsa a jikinta. Makanikenmu ya ƙara da gargaɗi: ba da dare kaɗai ake sata ba. Wani gareji za ka bar mota, a buɗe tukunyar a kwashe cikinta a maida walda, ka tafi ba ka sani ba. In za a taɓa maka salansa, tsaya a wurin. In za ka sayi mota, sa a duba kafin ka ba da kuɗɗi. Fadarmu kuwa mun maido ta gaban motocin, tunda dama zaman muke yi.

Yaya bai sayi wata katalizar ba, kuɗinta ya fi ƙarfinmu. Guntun bututu aka liƙa a gurbin. Motar na tafiya, ƙarar ta ragu, amma hayaƙinta ya sake wari. Kowace safiya in ya tada ta, ƙannena na tsaye a bayanta da jakunkunan lakwal suna jira ya rage masu hanya. Nakan jawo su gefe, in ce su tsaya ta gaba.