Yadda nake kula da ruwan kifina da tsinken gwaji da wayar hannu

Yau za mu ɗan fita daga zancen saitin waya, mu shiga ruwa.

Mu mutanen Kebbi mun tashi da kifi a gefenmu. Tun 1934 ake bikin kamun kifi na Argungu a kogin Matan Fada, har UNESCO ta sa shi cikin al'adun gado na duniya a 2016. Wannan sabo ne ke sa mu ɗauka mun san ruwa. Amma kogi yana gudu, yana wanke kansa. Akwatin gilashi da ke falo kuwa, duk ƙazantar da kifi ya saki tana nan tare da shi.

Ina da ƙaramin akwatin kifin ado a gidana a Birnin Kebbi. Wani abokina ya gani ya yi sha'awa, ya sayi nasa, ya cika shi da ruwan famfo ya zuba kifi a ranar. Kafin mako ya zagayo duk sun mutu, alhali ruwan garau yake. Abin da ya kashe su ido ba ya ganinsa, shi ya sa nake auna abubuwa huɗu.

Na farko kulorin, maganin da ake zuba wa ruwan famfo. Yana ƙona wa kifi hanyar numfashi. Nakan tara ruwa a buɗaɗɗen bokiti ya yi awa 24 zuwa 48 kafin in zuba. Ruwan bohol ba shi da kulorin, amma yakan fito da ƙarancin iska, don haka shi ma sai ya kwana.

Na biyu amoniya, wadda ke fitowa daga jikin kifi da ragowar abinci. A sabon akwati babu ƙwayoyin halittar da ke sarrafa ta, kuma sukan ɗauki mako 4 zuwa 6 kafin su zauna a matata. Abin da ake so, gwaji ya nuna sifili.

Na uku pH, wato ma'aunin tsamin ruwa. Yawancin kifin ruwan daɗi suna zaman lafiya tsakanin 6.5 da 8. Sai dai ka kula: idan pH ya tashi daga 7 zuwa 8, dafin amoniya yana ƙaruwa kusan ninki 10.

Na huɗu zafi, kuma nan ne matsalarmu. A watan Afrilu garinmu yakan wuce digiri 40, su kuma kifin ado sun fi son 24 zuwa 28. Ruwa yana ɗumi, iskar da ke cikinsa tana raguwa. Kada tarwada ta ruɗe ka, ita tana iya ɗagowa ta shaƙi iska kai tsaye. Yawancin kifin ado ba su da wannan baiwa. Idan an ɗauke wuta, ƙaramin famfon iska mai USB nake haɗawa da fawa banki.

Mai ajiye jatan lande kuma ya riƙa karanta jikin kwalbar magani. Duk wanda ke da sinadarin jan ƙarfe, ɗan kaɗan ya isa ya kashe su.

To ina waya ta shigo? Duk Juma'a da safe ƙararrawa ke tuna min in tsoma tsinken gwaji, in kwatanta launinsa da na jikin kwalba a hasken rana, in rubuta lambobin a Google Sheets, sannan in canza kashi ɗaya cikin huɗu na ruwan. Manhajojin da ke karanta launi da kyamara ban sakankance da su ba, domin waya tana gyara launi da kanta gwargwadon hasken ɗaki. Amfanin rubutun shi ne, lamba ɗaya ba ta faɗa maka komai, amma jerin mako shida zai nuna maka inda ruwan ya dosa tun kifi bai fara haki a saman ruwa ba.

Rai ne ka ɗauko ka tsare a gilashi, hakkinsa yana wuyanka. Kafin ka sayi kifi, fara sayen tsinken gwaji. Wanda ka san yana kiwo, ko a tanki ne, tura masa wannan. Allah ya sa mu amfana.