Kukan Play da Faifan Japan

Play uku gare ni: Play 1 mai ruwan toka, Play 2 babba, da Play 2 siririya. Ta farkon ta girme ni nesa ba kusa ba, tunda a 1994 Sony ta fito da irinta a Japan. Suna ƙarƙashin rumfa a ƙofar gidanmu nan Maradi, ƙanena ke tsaronsu in na tafi karatu, wasa guda dala goma. Daga nan kuɗin fotokofi ke fitowa, da na kabu-kabu, da sabulu. To kun ga in ɗaya ta fara kuka, ni ba dariya nake ba.

Abin da shekarun nan suka koya mini shi ne kukan ba iri ɗaya ba ne, kuma rabin abin da ake kai wa masu gyara da sunan "ido ya mutu" ba ido ba ne. Cikin wurin faifan nan ba wani abu mai yawa. Akwai ɗan inji mai juya faifai, akwai ido da ke zaune bisa wata ƴar kujera mai zamewa kan sandar ƙarfe, akwai wani ɗan injin mai haƙora da ke tura kujerar gaba da baya. Shi kansa gilashin idon yana hawa yana sauka don ya ga rubutu. Kowannensu da muryarsa.

In ka ji gurzawa, kirrr, duk sa'ad da wasa ke ɗauko sabon fili, kujerar ce ke jan ciki. Man da aka shafa mata tun masana'anta ya bushe, ƙurar hunturu ta shiga ta kwaɓe da shi ya zama kamar laka. Wannan na'ura an yi ta ne don ɗakin da ke rufe a Tokyo, ba don rumfar zana a watan Janairu ba. Maganinsa auduga, alkol na famasi, a goge sandar da haƙoran tas, a ɗiga farin giris kaɗan, kaɗan fa. Na ga wanda ya sa man gyaɗa. Kwana biyu ta yi lafiya, a na uku tururuwa ta gane hanya.

In kuwa tak, tak, tak kake ji, faifai ya juya ya tsaya ya sake juyawa, ido ne ke lalube bai ga komai ba. Nan ma kar ka yi saurin yanke hukunci. Goge gilashin a hankali, canja faifai, sa na waƙa ka gani. Play 2 haske biyu gare ta, ɗaya na sede ɗaya na DVD, kuma ba tare suke tsufa ba. Faifai mai shuɗin baya sede ne, mai ruwan azurfa DVD. In tana cin mai shuɗi tana ƙin mai azurfa, ka san ɓangaren da ya gaji. Mai shuɗin kuma dama da gudu take juya shi, shi ya sa take ruri kamar injin markaɗe, wannan ba ciwo ba ne.

Kukan da nake tsoro shi ne na siririyar: wani ɗan sautin karta, siririn gaske, sai ka kai kunne. Akwai waya mai faɗi kamar kintinkiri da ke bin ido, an manne ta da gam. Zafinmu na Afrilu yana sakin gam ɗin, wayar ta ɗago ta riƙa taɓa faifai, ta zana masa zobe. Karce na zobe ya fi kowane muni, don yana bin layin rubutun ne yana shafe shi a jere. Ka ji wannan, kashe nan take.

Tsofaffin ƴan wasa za su tuna Play 1 da ake kifewa, ƙafafu sama, sannan ta karanta. Yara na cewa aljanu gare ta. Na farko-farkon kujerar idonsu roba ce, kuma tana kusa da wurin da wuta ke shiga, zafi da gogayya suka cinye ta, ido ya karkace. In ka kife ta nauyinsa ya maida shi daidai. Daga baya Sony ta matsar da shi ta kuma sa ƙarfe.

Inda na saɓa da masu gyara da yawa shi ne maganar ƴar kusar nan da ke jikin ido. Kana kai musu, kafin su ma saurara, sun murɗa ta, wuta ta ƙaru, faifai ya tashi, ka biya jika biyu kana godiya. Dokin da ya gaji ne aka ƙara wa bulala. Wani lokaci dole ce, in an gwada komai. Amma a fara da ita, a'a. Wata guda ko biyu idon ya ƙone, kuma sabon na kirki yanzu sai an sha yawo, har Kano ake aikawa a dawo da wanda ba tabbas.

Sai kuma shirun da ba ciwo ba. Ka sa faifan Japan cikin Play ta Turai, ta juya shi sau biyu lafiya lau, ba gurzawa ba komai, sai ta ƙi. Play 1 ta maida kai wurin kart memuwar, Play 2 ta nuna maka jan allo. Lafiyarta ƙalau, takarda ta tambaya. A can kusa da ramin faifan Play 1 an ɓoye haruffa huɗu: SCEI na Japan, SCEA na Amurka, SCEE na Turai. In ba na yankinta ta gani ba, ba ta buɗe ƙofa. Pus ɗin da ake dasawa ciki aikinsa ke nan, ya riƙa raɗa mata haruffan da take son ji. Kana son sanin asalin taka? Juya ta ka duba lambar SCPH: in ta ƙare da 0 ta Japan ce, 1 ta Amurka, 2 ta ɓangaren Turai, a Play 2 har da 3 da 4. Akwai dabarar fizge faifai yana cikin juyawa a musanya da wani bayan ta gama duba haruffan. Tana aiki, amma na hana ƙanena, don ɗan injin ne ke biyan bashin.

Tun kana riƙe da ita a juye, karanta bolt. Japan 100 suke, Amurka 120, mu 220. Kayan nan na hannu da ke shigowa ta Kwatano ba wanda ke rarrabe su. Wani maƙwabcinmu ya sayo babbar Play 2 ta Japan, fes da ita, ya soka ta kai tsaye a bango. Ƙara ɗaya ta yi, fat, sai wari. Transfo na jika kaɗan da ya tsare ta.

Ko ta karɓi faifan, saura tele. Japan da Amurka hotonsu NTSC ne, sau 60 a daƙiƙa. Turai PAL, sau 50, mu kuma Faransa ta bar mana SECAM. Shi ya sa a tsohuwar tele mai ƙusumbi wasan Japan ke fitowa baƙi da fari, wani lokaci yana gungurawa sama. Wayar peritel mai raba launi uku tana gyara launin in telen na da bakinta, sababbin masu faɗi kuwa galibinsu ba ruwansu.

Za ku ce mi ya kai ni wannan wahala, ga na Turai da Faransanci a kasuwa? Winning Eleven. Wanda ya taɓa buga na Japan ya koma na Turai zai ji ƴan wasan kamar sun ci tuwo sun ƙoshi, don yawancin wasannin zamanin in an maida su 50 suna rage gudu kusan kashi ɗaya cikin shida, ga baƙin layi sama da ƙasa. Yaran rumfata ba su san lissafin ba amma yatsunsu sun sani. Ba mai karanta harafin Japan ko guda cikinsu, sun haddace ne da wuri: layi na biyu, sauka uku, ga tutar Najeriya, ga ta Brazil, a ɗauko Roberto Carlos daga baya a kai shi gaba. Mena ba ta ciki, wannan kam mun haƙura. Baƙo kawai ke shan kunya, don a Japan da'ira ce "na yarda", kuros kuma "koma baya", sai ya yi ta danna kuros yana fita yana cewa manet ta lalace.

Babbar Play 2 yanzu na hutar da idonta. Da kart memuwar mai Free McBoot wasanni na tashi daga kile, ba faifai ba ƙara, sai dai bakin USB ɗinta tsohon yayi ne, bidiyon farkon wasa yana ɗingishi. Siririyar na sake manne wayarta. Play 1 ce ta rage kan faifai, ita ce kuma ta fi jan yara. Da magariba ƙanena yana lulluɓe ta da tsohon zanen inna, ranar Lahadi ni kuma in buɗe ta da auduga.