Kwamfutar da ke cikin kwamfuta

Bara iyayen yaran makarantarmu, a wani gari tsakanin Dogondutsi da Tibiri, suka tara jika 150, wasu sai da suka sayar da gero, suka ce in sayo kwamfutar ajiye sakamakon jarrabawa. Wani saurayi ya kawo mini ta hannu, a kunne, ya nuna mini ma'ajiyarta giga 1000. Har na fara ƙirga kuɗi.

Wani tsohon ɗalibina da ya zo hutu daga Yamai ya ce, "Malam, a dakata tukuna." Ya danna maɓallin Windows tare da R, ya rubuta msinfo32. Inda ya kamata sunan HP ya fito, sai ga "innotek GmbH", a ƙasansa "VirtualBox".

Ashe abin da ya cika allon ba ita ce kwamfutar ba. VirtualBox manhaja ce mai ƙirƙirar kwamfuta ta biyu a cikin ta gaske, kuma mutum yana iya ba ta ma'ajiyar da ta ninka ta gasken a ido. Ba don ha'inci aka yi ta ba, ɗalibai na koyon aiki da ita. Da muka rufe ta, giga 128 muka tarar.

Shekara 20 ina kama masu satar amsa, amma wannan ta wuce ni. Saurayin ko shayin da aka zuba masa bai tsaya sha ba.