Takobin da ke ƙarƙashin gado

Duk wanda ya san Zangon Kwatano ya san yadda yake bayan sallar Juma'a: 'yan zem da rigunansu ruwan ɗorawa suna kutsawa cikin jama'a, masu canji sun jeru, hayaƙin tsire yana tashi. A kan hanyarmu ta komawa gida Gbégamey akwai wani Buzu da ke shimfiɗa takubba, kubensu jar fata da koriya, ƙotarsu ta sha tagulla. Yawanci Turawa 'yan yawon buɗe ido ke saye.

A nan ɗana na fari ya tsaya, ya ce, "Baba, tsohon takobin nan na ƙarƙashin gadonka, wani dillali ya ce zai saya. Kuɗin ya isa hayar shago ta shekara." Na yi shiru, don kuwa mai shago ya matsa mana lamba.

Takobin na kakan mahaifina ne, bafatake, daga cikin masu bin ayari ta Nikki da Jugu zuwa Salaga sayen goro. Ba shi da wani ado, kubensa ma ya tsage. Amma abin da na lura a yawona, darajar takobi tana ga hannun da ya miƙa shi.

Ku dubi Katsina. Gajere, takobin da ake dangantawa da Sarki Korau, har yau yana cikin kayan sarauta. A Daura suna ajiye da takobin da suka ce da shi Bayajidda ya kashe macijiyar rijiyar Kusugu. Wa zai yi cinikin waɗannan?

Nan ƙasar Benin ma haka ne. A 2022 na bi layi a fadar shugaban ƙasa don ganin kayan tarihi 26 da sojojin Faransa suka kwashe daga Abome a 1892, aka dawo da su a watan Nuwamba 2021. Cikinsu akwai sandunan sarauta masu lanƙwasasshen kai. Manzon da ya zo riƙe da irin wannan sanda, maganarsa ta sarki ce. Na ga tsofaffi suna share hawaye a gabansu.

Turawa kuwa sun taɓa mai da takobi kamar babbar riga. A ƙarni na 17 da na 18, ɗan sarauta a Faransa ko Ingila ba ya fita sai da siririn takobi a ƙugu, ƙotarsa ta azurfa ko zinariya, wani har da lu'ulu'u. A fadar Basai, zamanin Sarki Luwi na 14, namiji ba ya shiga sai da hula da takobi, har ana ba da hayarsa a bakin ƙofa. Ka ji kasuwa! Mutum ya ari girma da safe, ya mayar da yamma.

Da dare na jawo takobin, na sa yaran suka zauna. Na kira musu sunayen waɗanda suka riƙe shi, ɗaya bayan ɗaya, har zuwa kaina. Ƙaramarsu, wadda Faransancinta ya fi Hausarta, ta ce, "Baba, ashe mu ma muna da tarihi?" Laifina ne, shekara da shekaru ina ɓoye shi kamar kayan sata.

Na ce wa babban, "Wannan ba nawa ba ne balle in sayar. Ajiya ce, kai za ka karɓa." Kuɗin haya kuwa, na karyar da shadda turmi goma a kasuwar Dantokpa, na roƙi mai shago ya ɗaga mini ƙafa a kan saura. Har yanzu ina biya.

Takobin yanzu yana rataye a falo. Na kai wa Buzun nan kuben ya ɗinke, na ce kada ya ƙara masa ko ƙwayar tagulla. 'Yan'uwa mazauna zango, ku buɗe akwatunanku ku nuna wa yara tun kuna da rai. Allah Ya jiƙan magabata.