Dukiyar Da Ba A Aunawa Da Tiya

Ya kai mai karatu, akwai wata dukiya a gonakinmu wadda ba a ɗaure ta dami, ba a auna ta da tiya. Ita ce kyan gani. Mu da muka tashi a cikinta ba mu ɗauke ta a bakin komai ba, sai baƙo ya zo daga birni sannan muke ganin darajarta a fuskarsa.

Je ka Birchi ta ƙasar Kurfi cikin watan Agusta, lokacin marka. Gero ya fitar da kai, gyaɗa ta rufe kunya, wake na ta yaɗo. Na sha ganin 'yan uwa masu aiki a Katsina ko Kaduna sun zo gida fuska a murtuke, wai kai na sara musu. A shimfiɗa musu tabarma a gindin ɗorawa, a dama fura da nono. Wallahi kafin La'asar sai ka ji mutum na ƙyaƙyata dariya, ya ma manta inda ya ajiye waya. Baɗi war haka da kansa zai aiko: "Yaya, gero ya nuna kuwa?" Ya zo da iyali, ya koma da tiyar wake da ya saya.

Wasu tuni suka maida wannan sana'a. Cibiyar Songhai ta Porto-Novo a Jamhuriyar Benin, da aka kafa a 1985, gona ce, amma jama'a na zuwa kallo, su ci abinci, har su kwana. Mu fa? Ga madatsar ruwa ta Zobe tun 1983, ga ɗalibai cike da Dutsin-Ma tun da aka kafa jami'a a 2011.

Sai dai abu biyu ke korar baƙo: gatari da tsoro. Mun sare gawo, itacen da ke kaɗe ganye da damina ya bar wa shuka rana, ya yi kore shar da rani. Mun maida tsamiya gawayi. Sannan hare-haren 'yan bindiga, da suka tsananta a wannan yanki daga 2019, sun hana mutane da yawa zuwa gida. Kome kyan gona, wanda ya kwana cikin ɗar-ɗar ba zai dawo ba.

Tsaro haƙƙi ne a wuyan hukuma. Itace kuwa a wuyanmu yake, jama'a. Wanda ya gaji ɗorawa a gona ya bar wa 'ya'yansa ita a tsaye.

Allah Ya zaunar da ƙasarmu lafiya, amin.