Wandon da Ya Zo da Tsufansa

A kasuwar Madawa wani saurayi ya daɗe yana jujjuya wandon jins mai tambarin Levi's, ya shafa ɗinkin, ya ajiye, ya sake ɗauka. Kuɗinsa ya ninka na gwanjo nesa ba kusa ba, ga gwiwar a koɗe, an goge ta tun daga masana'anta don ta yi kamar ta sha jiki. A 1873, da Levi Strauss da Jacob Davis suka ƙarfafa aljihunan irin wannan wando da ƙusoshin jan ƙarfe a Amurka, tufar leburori ce, ƙarko ake nema. Mai noman albasa a fadamar Tarka, da matan Keita da suka yi ta jera duwatsu don tare zaizayar ƙasa, rana da gumi ne suka koɗar da suturarsu sannu a hankali. Yau kuwa koɗewar ma saye ake yi. Duk da haka ban ga laifin mai so ba. Ɗan ci-rani da ya dawo garin Buza yana so a gani a jikinsa cewa tafiyar ba ta tashi a banza ba. Kowannenmu na da wahalar da bai faɗa ba, sau da yawa kuma sutura muke ba wannan saƙo, ko da aljihu zai koka.